Ganye, Ɓera da Hantar Ɗan Adam: Sharhi Kan Gwajin Itatuwan da Ake Cewa Suna Kare Hanta

Tallan maganin hanta ya cika gari. Ana jin sa a lasifikar motocin masu magani ranar kasuwa, a rediyo, a Facebook da WhatsApp. Wannan ya ce garinsa yana wanke hanta tas, wancan ya ce tsiminsa yana raba mutum da ciwon hanta cikin wata guda. Sabon salon da tallan ya ɗauka shi ne jingina da jami'a: "Masana sun gwada, sun tabbatar zogale yana kare hanta."

Gwaje-gwajen kam an yi su. Malamai da ɗaliban sassan haɗa magunguna da nazarin sinadaran jiki a jami'o'in Zariya, Kano, Sakkwato, Maiduguri da wasu wurare sun wallafa bincike masu yawa a kan zogale, shuwaka, zoɓo, rawaya, sabara, marke da maɗaci. Abin tambaya shi ne: me aka gwada, a jikin wa aka gwada, kuma ina iyakar abin da sakamakon ya nuna? Tsakanin cewa ganye ya rage ɓarnar guba a hantar ɓera da cewa yana warkar da hantar mutum akwai tafiya mai nisa. A cikin wannan tazarar ruɗanin jama'a yake, kuma ita wannan sharhi zai duba.

Kalmomin da ya kamata a rarrabe

Hanta ita ce mafi girma daga kayan cikin mutum. Nauyinta a jikin baligi ya kai kimanin kilo 1.5, kuma tana gefen dama, ƙarƙashin haƙarƙari. Abin da hanji ya tsotsa, abinci ne ko magani, jini yakan biya da shi ta hanta kafin ya zaga sauran jiki. Ita ke ajiyar sukari, ita ke yin ruwan ɗacin da ke taruwa a matsarmama, ita ke samar da sinadaran da ke sa jini ya daskare idan an ji rauni, kuma ita ke sarrafa magunguna da guba domin ƙoda ko hanji su fitar da su. Tana da wata baiwa: idan wani sashe nata ya lalace, tana iya sake tofowa muddin an kawar da abin da ke cutar da ita.

Akwai abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa. Na farko shi ne lahanin guba, wato ɓarnar da wani sinadari ya yi wa ƙwayoyin hanta, ko magani ne da aka sha fiye da kima, ko barasa, ko gurɓataccen abinci. Na biyu shi ne ciwon hanta da ƙwayoyin cuta ke kawowa. Waɗannan ƙwayoyin, da ake kira bairos, iri 5 ne: A, B, C, D da E. B da C su ne suka fi zama a jiki shekara da shekaru, har su sa hanta ta yi tabo ta ƙanƙance, ko su haifar da kansa. Na uku ita ce shawara, wadda alama ce ba cuta guda ba. Ido yakan yi ruwan ɗorawa idan wani sinadari mai suna bilirubin ya taru a jini, kuma zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, sikila, toshewar hanyar ruwan ɗaci da bairos duk suna iya kawo haka.

Tatacce, a nan, shi ne abin da ya rage bayan an jiƙa garin ganye, saiwa ko sassaƙe a cikin ruwa ko wani sinadari mai narkarwa, an tace, an ƙafar da ruwan. Ya fi jiƙon gida ƙarfi nesa ba kusa ba. Kariya kuwa, a bakin mai bincike, ma'anarta ƙuntatacciya ce: dabbar da aka bai wa tatacce tare da guba ta nuna ɓarnar da ba ta kai ta wadda aka bai wa guba kaɗai ba. Shi kuwa "wankin hanta" da ake talla, babu wani gwajin asibiti da ke auna shi, domin hanta ba ta tara dattin da ake ɗaurayewa.

Me ya sa ake neman abin da zai kare hanta?

Dalilin farko shi ne yawan abubuwan da ke lahanta ta. Farasitamol, wanda kusan babu gidan da ba ya ciki, magani ne mai aminci idan an bi ƙa'ida, wato kada baligi ya wuce giram 4 a yini, daidai da ƙwaya 8 masu miligiram 500. Hanta tana juya wani ɗan kaso nasa zuwa sinadari mai guba da ake kira NAPQI, sai wata garkuwar jiki mai suna gulutatayon ta kashe kaifinsa. Idan an sha da yawa, garkuwar ta ƙare, gubar ta afka wa ƙwayoyin hanta. Haɗarin yana ƙaruwa saboda magungunan mura da na ciwon jiki da dama suna ɗauke da farasitamol, mutum ya haɗa biyu ko uku bai sani ba. Magungunan tarin fuka, musamman isoniazid, rifampicin da pyrazinamide, su ma suna iya taɓa hanta, shi ya sa ake sa ido a kan mai shan su.

Akwai kuma afulatoksin, gubar da hunhuna ke saki a gyaɗa da masara idan ba su bushe sosai ba ko an ajiye su a danshi. An gano ta bayan talo-talo sama da 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Brazil. A 2004 gurɓatacciyar masara ta kwantar da mutum 317 a Kenya, 125 suka rasu. Shigar wannan guba jiki kaɗan-kaɗan na tsawon shekaru tana kawo kansar hanta, haɗarin kuma yana ninkuwa ga mai ɗauke da bairos B. Wannan ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye, ƙasar gyaɗa, ƙuli-ƙuli da tuwon masara. Binciken ƙasa na NAIIS da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da bairos B, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta masu ɗauke da shi a duniya a 2022 da miliyan 254.

Dalili na biyu shi ne ƙarancin makari. Farasitamol yana da nasa, mai suna N-acetylcysteine, wanda aka fara amfani da shi a shekarun 1970, kuma ya fi aiki idan an ba da shi cikin awa 8 na farko. Amma ga mafi yawan gubar hanta, abin da likita ke da shi shi ne ya dakatar da abin da ke cutarwa, ya tallafa wa jiki har hanta ta farfaɗo. Saboda haka neman sabon magani a cikin itatuwa ba aikin banza ba ne. Kwinin daga ɓawon itace ya fito. Atemisinin, ginshiƙin maganin zazzaɓin cizon sauro a yau, Tu Youyou da abokan aikinta suka tato shi daga wani ganye a Sin a farkon shekarun 1970, ta kuma sami kyautar Nobel a 2015.

Yadda ake yin gwajin

Mai bincike yakan fara da jin ta bakin masu maganin gargajiya: wane itace suke bayarwa ga mai shawara, wane sashe nasa, yaya suke haɗa shi? Sai ya samo itacen ya kai wa masanin tsirrai ya tabbatar da sunansa na kimiyya, a ajiye samfuri da lamba a ɗakin adana busassun tsirrai, irin wanda ke Jami'ar Ahmadu Bello. Wannan mataki yana da muhimmanci, don suna ɗaya yana iya rufe tsirrai biyu. Rawaya, alal misali, ana kiran Cochlospermum tinctorium da ita, ana kuma kiran ɗan'uwansa Cochlospermum planchonii.

Daga nan a shanya a inuwa, a daka, a jiƙa a ruwa ko itanol ko metanol, a tace, a ƙafar. A bincika irin sinadaran da ke ciki, kamar fulabonoyid, wanda ke da yawa a ganyaye da furanni masu launi, da tanin, mai sa baki ya yi bauri. Kafin a nemi amfani sai a nemi illa: a bai wa wasu 'yan ɓeraye tataccen a ƙara musu a hankali, wani lokaci har miligiram 5,000 a kowane kilo na nauyin jiki, a ga ko zai kashe su. Hanyar da Lorke ya wallafa a 1983 ita ce ta fi yawa a binciken Najeriya.

Sai babban gwajin. Ana raba fararen ɓerayen ɗakin bincike, waɗanda ake kira Wistar, rukuni-rukuni, galibi 5 ko 6 a kowane rukuni. Rukunin farko ba a ba shi komai sai abinci da ruwa. Na biyu a ba shi guba kaɗai, yawanci farasitamol mai yawa ko wani sinadarin masana'antu mai suna CCl4. Na uku a ba shi guba tare da silimarin, tataccen wani tsiro mai ƙaya na yankin Bahar Rum, wanda aka ɗauka a matsayin ma'auni. Sauran rukunan a ba su guba tare da tataccen da ake gwadawa, misali miligiram 100, 200 da 400 a kowane kilo. Sau da yawa ana fara ba da tataccen kwana 7 zuwa 14 kafin gubar.

A ƙarshe a ɗebi jini a auna wasu sinadarai, musamman ALT da AST. Waɗannan a cikin ƙwayoyin hanta suke zaune, ba sa yawaita a jini sai ƙwayoyin sun fashe, kamar yadda ganin tsaba a kan hanya ke nuna buhu ya yage. A auna bilirubin da gulutatayon, a yanki hantar sala-sala a duba ta da madubin likita. Idan rukunin tatacce ya nuna ƙarancin ALT da ƙarancin matattun ƙwayoyi, sai a rubuta cewa itacen yana da alamar kare hanta.

Inda gwajin ɓera ya tsaya

Wannan sakamako gaskiya ne a iyakarsa, amma iyakar tana da kusa. Da farko akwai batun lokaci. Ɓeran ya sha tatacce kwanaki kafin guba ta same shi, majinyaci kuwa sai bayan ɓarna ta auku yake neman magani. Gwajin da ya nuna rigakafi bai nuna waraka ba.

Na biyu, farasitamol da CCl4 ba sa zama guba sai hanta da kanta ta sarrafa su. Idan tatacce ya rage wa hanta saurin wannan sarrafawar, ALT zai sauka ko da bai gyara ƙwaya ko ɗaya ba. Wannan kuma yana da nasa haɗarin, domin ganyen da ke taɓa yadda hanta ke sarrafa sinadarai yana iya sauya ƙarfin maganin hawan jini, na farfaɗiya ko na cuta mai karya garkuwar jiki da mutum ke sha.

Na uku, dabbar da gubar ba lallai su yi kama da halin mutum ba. Da wuya a yau a sami wanda CCl4 ya kwantar. Masana kamar Hartmut Jaeschke na Jami'ar Kansas a Amurka sun daɗe suna jan hankali cewa manyan ɓerayen Wistar suna da juriya ga farasitamol, ƙananan ɓeraye ne lahaninsu ya fi kusa da na mutum. Mafi muhimmanci ga jama'armu: bairos B ba ya kama ɓeran da aka yi wa irin wannan gwaji, kuma babu bairos a cikin gwajin gaba ɗaya. Duk wanda ya kafa hujja da shi ya ce ganyensa yana kashe ciwon hanta B, ya ɗora wa binciken abin da bai faɗa ba.

Na huɗu, adadi. Ƙa'idar da aka saba bi wajen juya adadin ɓera zuwa na mutum ita ce a raba shi da 6.2. Miligiram 400 a kilo na ɓera ya zama kimanin 65 a kilo na mutum, wato kusan giram 4 na tatacce a kullum ga mai nauyin kilo 60. Idan giram 100 na busasshen ganye yana ba da giram 10 na tatacce, ana maganar giram 40 na gari ke nan kowace rana. Kuma abin da metanol ya tato ba shi ne abin da ruwan zafi ke tatowa a tukunya ba. Ƙarfin ganye ma yana sauyawa da ƙasar da ya tsiro, da lokacin da aka tsinke shi, da yadda aka shanya shi.

Na biyar, ingancin aikin. Ɓeraye 5 ba su da yawa, sa'a kaɗai tana iya karkata sakamako. Ba kasafai ake ɓoye wa mai duba hantar rukunin da ta fito ba, kuma gwajin da bai nuna amfani ba da wuya ya kai ga bugawa. Saboda irin wannan rauni aka fito da ƙa'idojin ARRIVE a 2010, aka sabunta su a 2020, don tsara yadda ake ba da rahoton gwajin dabbobi. Ko a manyan kamfanoni, kusan 9 cikin 10 na magungunan da suka tsallake matakin dabba suka shiga gwajin mutane ba sa kaiwa kasuwa.

Abin da aka gani da aka kai ga mutane

Labarin tsirrai biyu ya isa misali. Silimarin, wanda shi ne ma'aunin da ake gwada zogale da shuwaka da shi, ya yi nasara a gwajin dabbobi ba adadi. A 2012 mujallar JAMA ta wallafa gwajin da aka yi a Amurka a kan mutum 154 masu ciwon hanta C. An raba su uku ta hanyar ƙuri'a, biyu suka sha silimarin mai yawa, ɗaya ya sha ƙwayar da babu magani a cikinta, ba tare da majinyaci ko likita ya san wa ke shan me ba. Bayan mako 24 ba a ga bambanci a ALT ba. Duk da haka ba a yar da tsiron ba: a Turai ana yi wa wanda ya ci wata laimar kwaɗi mai kisa ƙarin ruwa da silibinin, wanda daga silimarin aka tsamo shi. Ke nan amfaninsa ya tsaya a kan wata guba takamaimai, ta wata hanya takamaimai, a asibiti.

Na biyu shi ne geron tsuntsaye, Phyllanthus amarus, ciyawar da ke tsirowa a nan da Indiya. A 1988 mujallar Lancet ta wallafa gwajin da S. P. Thyagarajan ya jagoranta a Madras, tare da Baruch Blumberg, mutumin da ya gano bairos B ya kuma sami Nobel a 1976. Daga mutum 37 da suka sha ganyen, 22 alamar bairos ta ɓace daga jininsu, daga 23 da ba su sha ba kuwa 1 kacal. Duniya ta sa rai. Amma da aka maimaita gwajin a Tailan da New Zealand da wasu ƙasashe, ba a sami irin wannan sakamako ba, nazarin ƙungiyar Cochrane na 2011 kuma bai ga gamsasshiyar hujjar amfaninsa ba. Darasin shi ne ko gwajin mutane guda ɗaya, mai ɗauke da sunan babban masani, bai isa ba sai wasu sun maimaita sun ga abu ɗaya.

Ganye ma yana iya zama guba

Ana yawan cewa maganin gargajiya in bai yi amfani ba, ba zai cutar ba. Tarihin cututtukan hanta bai goyi bayan wannan magana ba. A Jamaika, a shekarun 1950, likitoci sun gano yara na kamuwa da toshewar jijiyoyin hanta saboda shayin wasu ganyayen daji. A Afirka ta Kudu saiwar impila, sanannen maganin Zulu, ta kashe mutane ta hanyar lalata hanta da ƙoda. A arewacin Indiya an danganta mutuwar yara da cin 'ya'yan rai ɗore, tsiron da ke kowane juji a ƙasar Hausa. A Indiya da Malesiya an sami jariran da man 'ya'yan darbejiya ya lahanta wa hanta da ƙwaƙwalwa bayan an ɗura musu shi.

Ko tsirran da ake ci kullum suna iya sauya hali idan aka tace su aka dunƙule. A 2018 hukumar kula da abinci ta Tarayyar Turai ta yi gargaɗi cewa ƙwayoyin tataccen koren shayi, idan sinadarin EGCG da ke ciki ya kai miligiram 800 a yini, suna iya ɗaga ALT, alhali shan shayin yadda aka saba ba ya yin haka. A 2019 Italiya ta sami jerin masu ciwon hanta daga ƙwayoyin kurkum, wato gangamau, musamman waɗanda aka sarrafa don jiki ya ƙara tsotse su. A Amurka, cibiyar da ke bibiyar lahanin magunguna ga hanta ta gano kusan kashi 20 cikin ɗari na waɗanda ta rubuta daga kayan ganye da na ƙarin kuzari matsalarsu ta fito. A nan gida akwai ƙarin haɗarin garin da ya yi hunhuna a ajiya, da wanda aka cakuɗa da ƙwayar asibiti a ɓoye.

Ra'ayoyi mabambanta

Masu maganin gargajiya suna cewa iyaye da kakanni sun yi ƙarni suna ba da rawaya da sabara, mutane suna warkewa, kuma su ne ke kusa da talakan da asibiti ya yi wa nisa ko tsada. Akwai gaskiya a nan: iliminsu ne ke nuna wa mai bincike inda zai fara. Raunin hujjar shi ne shawarar da bairos A ko E ya kawo takan tafi da kanta cikin makonni, ko an sha magani ko ba a sha ba, ciwon B kuwa yana iya cin hanta shekaru mai shi yana jin garau. Ido kaɗai ba ya rarrabe waraka da lafawa.

Likitocin asibiti suna kukan cewa majinyata na zuwa a makare, ciki ya kumbura da ruwa, bayan watanni ana jiƙo. Damuwarsu tana da tushe. Amma idan likita ya tsawata wa duk wanda ya ambaci maganin gida, majinyaci zai ɓoye abin da yake sha, wannan kuma ya fi haɗari.

Masu bincike su ma sun rabu. Wasu na ganin sai an ware sinadari guda, an san adadinsa, kafin a kira abu magani. Wasu na ganin ƙarfin ganye a haɗuwar sinadaransa yake, abin da ake buƙata shi ne a daidaita tataccen yadda kowace kwalba za ta zama daidai da 'yar'uwarta. Akwai kuma masu cewa a fara daga mutane: tunda ana shan ganyen, a bibiyi masu shan sa da gwajin jini, wanda ya nuna alama a kai shi cikakken gwaji. A Mali an bi wannan hanya da ganyen Argemone mexicana na zazzaɓin cizon sauro. A Najeriya cibiyar NIPRD ta Abuja ta kai Niprisan, maganin sikila da aka haɗa daga masoro, kanumfari, karan dafi da wani itace, har gwajin majinyata. Ke nan hanyar tana biyuwa. Abin da ya sa mafi yawan binciken hanta ke tsayawa a ɓera shi ne kuɗi: gwajin ɓera ɗalibi yana iya yin sa a zango ɗaya, na mutane kuwa yana buƙatar shekaru, asibiti da amincewar kwamitin ɗa'a.

Me lambar NAFDAC ke nufi?

Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana bai wa magungunan gargajiya matsayi biyu. Mafi yawansu suna da lambar da ke ƙarewa da harafin L. Wannan izini ne na shekara 2, wanda ke nuna an duba maganin ta fuskar tsafta da guba, kuma dole a rubuta a jikinsa cewa hukumar ba ta tantance abin da ake cewa yana warkarwa ba. Cikakkiyar rajista sai an kawo sakamakon gwaji a kan mutane. Saboda haka lambar L ba shaidar waraka ba ce, rashin lamba kuwa yana nufin ko matakin farko ba a taka ba.

Abin da zai iya biyo baya

Idan aka ci gaba da sayar da sakamakon ɓera a matsayin shaidar waraka, asarar farko jinkiri ne. Mai bairos B da ya kamata a riƙa auna shi, a ɗora shi a kan maganin tenofovir idan lokaci ya yi, zai ɓata shekaru da dukiya a kan gari. Mai bairos C zai rasa damar ƙwayoyin da ke warkar da sama da kashi 95 cikin ɗari a mako 12. Asara ta biyu ta faɗa kan maganin gargajiyar kansa, domin ƙaryar 'yan talla tana zubar da mutuncin masu sana'ar na gaskiya. Ta uku ta faɗa kan daji: itacen da aka yi wa suna ana tone saiwarsa, ana sassaƙe shi har ya bushe, kamar yadda ake gani a jikin maɗatan bakin hanya.

Idan kuwa aka gyara, ribar tana da yawa. Maimakon a maimaita gwaji ɗaya a kan ganye 50, jami'o'i da asibitocin koyarwa za su iya haɗa ƙarfi a kan 2 ko 3 da suka fi nuna alama, a daidaita tataccensu, a auna illarsu ta watanni, a gwada su bayan guba ba kafinta kaɗai ba, sannan a kai su ga mutane bisa ƙa'ida. Masu shan maganin tarin fuka rukuni ne da ya dace da irin wannan gwaji, tunda an san ranar da suka fara shan abin da ka iya taɓa hantarsu. Masu maganin da suka ba da iliminsu kuma su sami rabonsu a suna da amfani.

Abin da mai karatu zai riƙe

Cin zogale a kwaɗo, shuwaka a miya ko shan zoɓo abinci ne mai kyau, babu mai hana shi. Amma idan aka ce an gwada wani magani, tambayoyi uku sun wajaba: a ɓera ne ko a mutum? Guba aka gwada ko bairos? Wasu masanan dabam sun maimaita sun ga haka? Wanda idonsa ya yi ruwan ɗorawa, ko fitsarinsa ya yi duhu, ya je a auna jininsa kafin ya sha komai, ya kuma gaya wa likita duk abin da ya riga ya sha. Mai juna biyu, jariri da mai tsohon ciwon hanta su ne suka fi buƙatar taka-tsantsan.

Hanyoyin kare hanta da aka tabbatar suna hannu tun yanzu. Allurar rigakafin bairos B tana cikin jerin alluran yara a Najeriya tun 2004, kuma ta farko a cikin awa 24 da haihuwa ake son a yi ta. Kowane baligi ya san matsayinsa ta gwajin jini. A daina musayar reza, aska da allura. A busar da gyaɗa da masara sosai, a tsince masu hunhuna a zubar, manoma kuma su nemi Aflasafe, wanda cibiyar IITA ta Ibadan ta samar don rage afulatoksin tun a gona. A kiyaye adadin farasitamol, a nisanci barasa. Binciken itatuwanmu ya cancanci kuɗi da haƙuri da goyon baya, kuma babban goyon bayan da za a ba shi shi ne a faɗi matakin da ya kai, ba tare da ƙari ba.